Hannun Daman Ɗanliti

Shekara tara Ɗanliti mahauci ya yi yana koyon abu guda, wato yadda zai kai naushi ya tsayar da shi kafin ya sauka. Duk wanda ya ji haka a Ƙofar Marusa sai ya kwashe da dariya, kuma wallahi ba za ka ga laifinsa ba. Ɗan Yari Mai Taɓarya fa ake magana, Yarin da ya yi kaka goma sha bakwai yana dambe daga Katsina har Maraɗi, wanda in aka kaɗa takensa maza kan ja da baya. A ce ɗan wannan mutumi ne ke saka farar riga da farin wando kamar ma'aikacin asibiti, yana naushin iska yana ihu? Mahautan kwata suka raɗa masa suna Mai-shafa. In ya ɗauko cinyar sa a kafaɗa sai ka ji wani ya ce, "Ku ba shi hanya, kada ya shafa ku."

Bai taɓa tanka musu ba. Su waƙar Yari suka sani, shi kuwa shi ya yi jinyar Yari. Shekara huɗun ƙarshe tsohon ba ya iya kai loma bakinsa, hannun nan da aka yi wa kirari sai rawa yake yi, yawu na zuba a gemu, yana kiran ɗansa da sunayen mutanen da suka daɗe da mutuwa. Da ya rasu, ranar sadakar uku wani mutumin Jibiya ya zo gaisuwa, bakinsa a karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa. Ya nuna fuskarsa ya ce wa Ɗanliti, "Aikin ubanka ne wannan. Allah shi jiƙan maza." Da alfahari ya faɗa, kuma abin da ya fi ɗaga wa Ɗanliti hankali ke nan. A lokacin shi ma ya yi kaka uku a fage, ya yi kisa goma sha ɗaya, wato ya kai mutum goma sha ɗaya ƙasa, har ana cewa hannunsa ya fi na tsohon nauyi. Daga ranar bai sake ɗaure hannu ya shiga fage ba.

Ya bar dambe, amma hannun bai san an bari ba. In aka ɓata masa rai a kasuwa sai ya ji na dama ya dunƙule da kansa, sai ya cusa shi a aljihu ya bar wurin. Tsoron hannunsa yake ji, tsoro na gaske. Shekara biyu ya yi a haka.

Wata la'asar ya kai wa Madam Mary, mai sayen nama a teburinsa, hanta da ƙoda har gida, a gidajen malaman wata sakandare wajen Ƙofar Kaura. Mijinta Daniel malamin motsa jiki ne, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a Katsina har Hausarsa ta koma ta 'yan gari. Ɗanliti ya tarar da shi a bayan gida da samari kamar goma yana koya musu kareti. Ya ga mutumin ya tsayar da ɗansa Stephen a gabansa, ya kai masa naushi a hanci da saurin da ido bai kama ba, hannun rigarsa har ƙara ya yi, amma dunƙulen ya tsaya cak a kan fata. Stephen ko ƙiftawa bai yi ba.

Ɗanliti ya manta da ledar naman da ke hannunsa. Da aka tashi ya matsa ya gaishe shi, ya ce, "Malam, ni duka na iya, gadonsa na yi. Tsayawar nan nake so a koya mini."

Daniel ya kama hannunsa na dama, ya juya shi ya dubi gaɓoɓin. "Ta fi dukan wuya," in ji shi. "Ka zo gobe. Kuma a nan Masta ake ce mini."

Dokar gasar kareti ba ta da wuyar faɗi. Ka kai naushi da dukan saurinka da ƙarfinka, in a fuska ne ka tsayar da shi a kan fata, alƙali ya ba ka maki. In ka bari ya sauka, gargaɗi ne. In ka ji wa mutum ciwo an kore ka, ko da kai ke kan gaba. Komai Ɗanliti ya ɗauka da sauri ban da wannan. Cikin shekara huɗu ya tashi daga farar ɗamara ta sabon shiga ya kai mai ruwan ƙasa, wadda daga ita sai baƙa, ta ƙwararru. A nan ya maƙale shekara biyar cur. Waɗanda suka zo bayansa suka ɗaura baƙa suka wuce, har da Stephen, wanda Ɗanliti ya sha goyawa a keke ya kai shi makaranta. Duk gasar da aka je, Kaduna ko Kano ko nan gida, sai an ɗaga wa Ɗanliti hannun gargaɗi. Yau ya fasa wa wani leɓe, gobe ya sa wani haɓo. Ba da niyya ba, ɗan yatsa guda kawai hannun ke wucewa. In an dawo Masta ba ya faɗa, cewa kawai yake, "Saura kaɗan." Wannan saura kaɗan ɗin ta fi zagi ciwo.

Wani zai ce mene ne abin damuwa, ɗamara ai ƙyalle ce, a kasuwar Kaduna ma ana sayarwa. Ɗanliti ba ƙyallen yake so ba. So yake mutumin da ya kama hannunsa ya duba ranar farko ya sake kamawa, ya ce masa hannun nan ya zama nasa, shi ke juya shi.

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, Masta ya yi ritaya. Ya ce ƙarshen watan Yuli zai kwashe iyalinsa ya koma gida. Wata biyu kafin nan ya tsayar da Ɗanliti bayan atisaye, sauran sun watse.

"Gasar jiha tana nan tsakiyar Yuli," in ji shi. "Ban ce ka ci kofi ba. Ko a zagayen farko aka fitar da kai ba ruwana. Ka gama ba gargaɗi ko ɗaya, ni kuma in ɗaura maka baƙa da hannuna kafin in hau mota. In na tafi kuma ka ga na tafi."

"Na ji, Masta."

"Ka ji, ko hannun ya ji?"

Ɗanliti ya yi murmushi.

Wata biyun nan Ɗanliti bai huta ba. A kwata, in an rataye sa, sai ya tsaya gaban cinya yana kai mata naushi ɗari, yana tsayarwa yadda naman ba zai ko motsa ba, mahauta na ta yi masa sowa. A gida matarsa Furera kan cika ƙwarya da fura har baki ta riƙe a gaban fuskarta, ya yi ta kai wa ƙwaryar hannu. "In ka zubar mini, yau da yunwa za ka wuni," in ji ta. Satin farko ya wuni da yunwa sau uku. Daga nan furar ba ta sake ko girgiza ba, har Furera ta fara hamma yana yi.

Baba Shehu, ƙanin mahaifinsa, tsohon ɗan dambe ne da bai taɓa yafe wa Ɗanliti barin fage ba, amma yana ƙaunarsa ƙwarai. Ya ji labarin gasar ya ce, "Ni ma zan tahi in ga abin ga da ya ɗauke muna kai. A ce hwaɗa ne amma ba a taɓa juna? To mi ake yi, gaisuwa?"

Da can, zamanin soja, gasar kareti abin tausayi ce. Soja guda a bakin ƙofar zaure da bulala, 'yan kallo ba su wuce ashirin ba, shiru har kana jin tafin ƙafa a kan shimfiɗa. Ko tari ka yi sai an harare ka. Bana kuwa da Ɗanliti ya iso da safe sai ya ɗauka ɓatan hanya ya yi. An gayyato wani sabon ɗan majalisa a matsayin babban baƙo, shi kuma ya zo da jama'arsa, motoci cike, maroƙa a gaba, masu kalangu a baya. Ƙofa a buɗe, ba mai tambayar kowa. Rabin mahautan kwata sun biyo Baba Shehu sun cika benci uku. Ga hadari ya haɗu a waje, ciki zafi kamar gidan burodi.

Masta ya dubi makaɗan, fuskarsa ta canja. Ya je wurin mai shirya gasar ya ce a fitar da su. Mutumin ya buɗe hannuwa ya ce, "Haba Masta, yanzu fa mulkin farar hula ne. Wa zai ce wa mutanen Honarabul su fita? Ni dai ba da bakina ba." Da ƙyar aka daidaita a kan za su yi kiɗa tsakanin wasa da wasa, in alƙali ya ba da umarnin farawa su yi shiru.

Haka kuwa aka yi, kuma Ɗanliti ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya kara da wani dogo daga Funtuwa, ya cinye shi, ba gargaɗi. Ya kara da ɗan Daura, haka. Na uku, wani ɗan sanda daga Malumfashi, ya sakar masa ƙafa a kunne da gangan har ya ga wuta, benci ukun nan suka miƙe suna cewa ya rama. Ɗanliti ya kai masa hannun dama a tsakiyar goshi, ya tsayar, ya janye. Mutumin ya rufe ido yana jiran abin da bai zo ba. Da Ɗanliti ya waiga gefen shimfiɗa ya ga Masta ya ɗan gyaɗa kai sau ɗaya. A shekara tara bai taɓa samun ko wannan ba.

Wasan ƙarshe ya faɗo tsakaninsa da Stephen. Saurayi ne yanzu ɗan shekara ashirin da huɗu, dogo, mai saurin ƙafa, mai yawan dariya. Suna gyara ɗamara ya raɗa masa, "Yaya Liti, minti uku ya rage maka. In ka ga dama ma ka tsaya kawai ka harɗe hannu, ni in kwashi maki in ɗauki kofi, kai ka ɗauki baƙarka. Kowa ya huta."

"Ka ji ɗan banza," in ji Ɗanliti. "Kofin ma ba za ka gani ba."

Gaskiya Stephen ya faɗa, abin takaicin ke nan. Da Ɗanliti ya tsaya kamar turmi minti uku, da shi ke nan.

A cikin masu kalangun akwai wani tsoho, Sule. Shi ne makaɗin Yari tun farko har ƙarshe, shi ya ƙirƙiro masa take. Da dambe ya daina ciyar da shi sai ya koma bin 'yan siyasa. Idonsa ya yi rauni, tun safe bai gane kowa ba, kiɗan Honarabul kawai yake yi. Sai da aka fara wasan ƙarshe, Ɗanliti ya juyo saitinsa ya kafa tsayuwa, hagu a miƙe gaba, dama a ɗane wajen ƙugu, kafaɗa ta ɗan sunkuya. Tsohon ya runtse ido ya leƙa. Daga baya aka ba da labarin cewa ya dafa Baba Shehu ya ce, "Shehu, wa nake gani haka?" Baba Shehu ya ce, "Wa kuwa? Ɗan Yari ne."

A wurin makaɗan maza, ka ga ɗan ubangidanka a fage ka bar kalangu a hammata shiru, abin kunya ne da za a yi ta faɗa har bayan ranka. Sule bai san wata dokar kareti ba, kuma ko ya sani ba za ta hana shi ba. Ya matse kalangu ya saki taken Yari.

Minti ɗaya da rabi ya rage. Ɗanliti na gaba da maki ɗaya.

Rabonsa da jin kiɗan nan shekara goma sha ɗaya. Shi ne kiɗan da ya fara ji a duniya, a bayan uwarsa, shi aka kaɗa masa ranar da ya fara ɗaure hannu. Bai shiga ta kunne ba, ta ƙafa ya shigo, ya hau gwiwa, ya kama ƙugu. Ya ji tsuma ta taso masa. Muryar tsohon ta keto zauren, a dishe amma ba ta manta komai ba:

"Taɓaryar Yari, ba ki daka ki bar tsaba! Ina ɗan Yari? Ga maza sun tsaya, ɗan Yari!"

Benci uku suka ɗauka gaba ɗaya. Alƙali ya waiga yana ɗaga hannu a yi shiru, bai dai tsayar da wasan ba. Masta ya miƙe tsaye. Ɗanliti ya ga miƙewarsa, ya ma ji ya kira sunansa, amma daga nesa, kamar ana kiran wani a wata unguwa. Stephen ya ga kafaɗar ta buɗe, ya ɗauka dama ce ta samu, ya shigo da saurinsa yana ɗan murmushi.

Hannun bai fita a miƙe irin na kareti ba. Ta gefe ya zagayo, tun daga ƙugu, da nauyin jiki duka a bayansa, yadda Yari ke yi. Ya sauka a muƙamuƙin hagu. Ƙarar ta fi ƙarfin kalangu, duk mahaucin da ke wurin ya san ƙarar ƙashi in ya ji ta. Ƙafafun Stephen suka bar shimfiɗa, ya faɗi ta gefe, bai ko kai hannu ya tare ƙasa ba.

A daidai saukar hannun, kafin tunani ya dawo, wani sanyi ya ratsa Ɗanliti daga kafaɗa har tafin ƙafa. Daɗi ne, ba shi da wani suna. Bai wuce ƙiftawar ido ba, amma ya ji shi sarai.

"Kisa! Kisa!"

Mahauta suka tsallake benci suka cika shimfiɗa da takalma. Kafin ya ankara an ɗaga shi sama. Alƙali na ta nuna alamar kora, yana nuna Stephen da ke kwance a matsayin wanda ya ci, ba mai kallonsa. Honarabul da kansa ya sauko yana dariya yana manna masa kuɗi a goshi, yana cewa ai yanzu ya ga wasa, tun safe rawa ake yi. Baba Shehu na kuka da hawaye yana cewa, "Yari bai mutu ba! Wallahi bai mutu ba!" Daga can sama, a kan kafaɗun mutane, Ɗanliti ya hango Masta durƙushe, ya tallafo kan ɗansa da hannu biyu, jini na bin yatsunsa. Ya yi ta cewa a sauke shi, ba wanda ya ji. Sai da suka zagaya zauren da shi sau biyu.

Muƙamuƙin ya karye wuri biyu. A asibiti aka ɗaure haƙoran Stephen da waya, aka ce sati shida sai abu mai ruwa ta bututun roba, kunnen hagu kuma sai an ga abin da Allah ya yi. Aka dakatar da Ɗanliti daga gasa shekara biyu, abin da ko a jikinsa. Sau uku yana zuwa asibitin, yana kaiwa bakin ɗakin sai ƙafarsa ta ƙi, ya juyo. A kwata kuwa ba mai sake ce masa Mai-shafa. Yanzu Taɓarya ƙarama ake kiransa, ana ba shi hanya da gaske. Masu shirya dambe biyu suka zo har teburinsa suna tambayar ko zai fito da kaka. Furera ta daina tsokanarsa, in ta ajiye masa abinci sai ta koma ɗaki. Ita ba ta ce tana tsoro ba, shi ma bai tambaya ba.

Ranar tafiyar Masta aka tashi da yayyafi. Ɗanliti ya yi ta jan ƙafa har hantsi, sannan ya ɗauki ƙunshin kilishin da ya kwana uku yana haɗawa, na musamman, ya hau keke. Ya tarar da babbar mota a ƙofar gidan, an ɗora gadaje da kujeru an rufe da tamfol. Madam Mary na tsaye tana nuna inda za a sa tukwane. Matar da shekara tara take ce masa ɗana.

Ya durƙusa. "Mama, ina kwana."

"Lafiya."

"Ya mai jiki?"

"Da sauƙi."

Ya miƙa ƙunshin. "Ga wannan, na hanya."

Ta buɗe gefen takardar ta gani. Ta dube shi, sannan ta dubi gaban motar, inda Stephen ke zaune an naɗe masa fuska da bandeji, da kofin kunu da bututu a hannu. Sai a lokacin Ɗanliti ya gane abin da ya kawo. Kilishi, ga wanda ba ya iya buɗe baki. Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ta naɗe takardar ta miƙa wa yaron mota ta ce su ci a hanya, ta ci gaba da tukwanenta.

Stephen ya ɗago masa hannu ta taga. Ɗanliti ya matsa ta gefen direba ya ce, "Ka yafe mini." Stephen ya yi wata ƙara a maƙogwaro, ya ɗaga babban yatsa, ya nuna kunnensa na dama alamar ya zagayo ta nan ya sake faɗa. Ya zagaya ya sake faɗa.

Masta ya fito daga gidan da ƙaramar jaka a kafaɗa, ya kulle ƙofa. Cikin sati biyu ya tsufa. Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar Furera da kasuwa. Sannan ya ce, "Zo nan," ya ja shi bayan gida, inda suke atisaye. Ruwa ya kwanta a wurin, ciyawa har ta fara tsirowa.

"Na yi tunani da yawa," in ji Masta. "Wasa uku ka yi ranar nan, ban taɓa ganin hannu mai tsabta irin naka ba. Na huɗun kuma an yi abin da bai kamata a yi ba. Ni ya kamata in tsayar da wasan tun da na ji gangar, ban yi ba. Wannan nawa ne."

"Masta, ba laifinka..."

"Bari in gama. Hannu yana kuɓuce wa kowa. Ni ma ya taɓa kuɓuce mini, ina saurayi, na karya wa abokina haƙarƙari. In kuɓucewa ce, ban riƙe ka ba, Stephen ma bai riƙe ka ba." Ya zuge jakar. Ɗamarar na ciki a naɗe, baƙa wuluk, sabuwa, an saƙa sunan Ɗanliti da jan zare a bakinta. "Tun watan Mayu na sa aka yi ta. Abu ɗaya zan tambaye ka, kuma abin da ka faɗa shi zan ɗauka. Lokacin da hannun ya sauka, me ka ji?"

Yayyafi na sauka a kan kwanon gidan. A waje direba ya tayar da mota ya bar ta tana ɗumi.

Amsar a shirye take, kuma ba ƙarya ce gaba ɗaya ba. Ya ce tsoro ya ji, ya ce bai san inda yake ba, ya ce duhu ya gani. Ba wanda ya shiga jikinsa ranar, ba mai ƙaryata shi har abada. Mutumin nan so yake a ce masa haka, ga shi nan a idonsa, ya ma riga ya sa hannu a cikin jakar. Shekara tara, da wuni da yunwa, da dariyar kwata, duk ga su nan a naɗe, tazarar hannu guda.  Ɗanliti ya dubi hannun damansa, yana nan a sake a gefensa, ba abin da ya dame shi.

"Daɗi na ji, Masta."

Masta ya ɗago ya dube shi.

"Kaɗan ne, bai daɗe ba. Amma na ji shi. Kuma na san Stephen ne."

Tsohon malamin ya dubi ruwan da ya kwanta a ƙasa. Sannan ya zare hannunsa daga jakar a hankali. "Na gani a fuskarka," in ji shi. "Sati biyu ina roƙon Allah ya sa idona ne ya yi mini ƙarya." Ya ja zif ɗin ya rufe. "Na gode da ba ka yaudare ni ba. Ba zan iya ɗaura maka ba, Ɗanliti."

"Na sani, Masta."

"Ka gai da Furera."

Ya rataya jakar ya zagaya gaba. Ɗanliti ya ji an rufe ƙofar mota, ya ji direba ya sa giya, ya ji ƙarar ta yi nisa ta wajen Ƙofar Kaura har ta ɓace. Bai fito ya ɗaga musu hannu ba. Yana nan tsaye a bayan gidan ruwa ya ƙaru, rigarsa ta jiƙe ta manne masa a baya, sai mai gadin makaranta ya leƙo ya ce masa, Malam, a yi haƙuri, za a rufe get.